Wake Bai San Kalanda Ba

Sun ce ran Asabar za a fid da ɗan takara.
Tun daren Alhamis na jiƙa wake,
shinkafa buhu biyu, bashin Maame Adwoa ta Kejetiya.

Juma'a da la'asar Mumuni ya faka babur a ƙofata:
"An ɗaga, Adiza."
Wai doka ta ce kwana casa'in,
ɓangaren can sun ƙirga da Lahadi,
na nan sun tsame ta.
Ban taɓa sanin Lahadi na da laifi ba.

Rabin Aboabo ya ci sadakar da ban yi niyya ba.

Karo na biyu kotu ta tsayar.
Na uku, sunayen wakilai suka hayayyafa cikin dare,
har da Baba Issaka da muka binne bara.

Rediyo na ta hayaniya daga Ankara,
kowa da kundin jam'iyya a hammata.
Masu neman riƙon ƙasa
sun kasa riƙe rana guda.

Jiya Mumuni ya sake leƙowa, yana sosa ƙeya.
Na ce: sidi a tafina tukuna,
sannan itace ya ga ashana.