Gyambo

A Mai Wurno, a ɗakin shan magani na bayan kasuwa,
ni ke wanke ƙafafun manoma da safe.
Likita ya rubuta nasa sunan da Larabci,
masu jinya su ce nabit, wato abin da ya tsiro.
Ni kuwa da na kwance tsumma, wari ya bugo ni,
bakina da kansa yake cewa gyambo.

Kakata Laraba ce ta jera min su tana tsinkar rama.
Rauni, in ji ta, baƙon yini ne.
Ƙurji yaro ne.
Maruru mai zuciya ne, ya cika, ya fashe, ya huce.
Miki yakan kwana biyu.
Gyambo shi ne wanda ya sauke kaya
ya tambayi inda ake ajiye tabarma.

Ta san shi, don tare suka yi zaman aure.
Mijinta Gambo, ƙanin tagwaye,
ya baro Haɗeja da sanda da gora zai je Makka.
Bayan Abashe ƙayar bagaruwa ta shige shi a dunduniya,
ƙaya ɗaya, ba ta kai tsawon farce ba.
Ya cire rabi, rabi ya ƙi.
Ko da ayari ya iso bakin wannan kogi
ƙudaje sun riga shi sallama.
Abokan tafiya suka nufi Sawakin,
ya ce su yi gaba, zai tarar da su in ƙafa ta warke.

Shekara arba'in da ɗaya.
Ya ɗaura bagaruwar da ta cuce shi, dakakkiya,
ya ɗaura toka, zuma, man shanu,
ya tsinci auduga a gonar wani yana ɗingishi,
ya haifi bakwai.
Yara na yi masa waƙa, Gambo mai gyambo,
shi kuma ya ɗaga sanda yana dariya.
Magatakardan gona bai ji bambancin ba,
ya rubuta su da baƙi iri ɗaya,
har yau ban san wanne ne ke cikin littafin ba,
kakana ko ciwonsa.

Na taɓa kai kalmar wurin Malam Ɗanjuma.
Ya buɗe ƙamus, ya lashi yatsa, ya juya, ya juya,
ya ce ba ta da saiwa a nan, ba 'yar Larabawa ba ce.
Da na gaya wa Laraba sai ta yi tsaki:
Yo da a takarda ta zo?
A ƙafa ta zo, yarinya. Ni na wanke ta.

Kwanan baya a rediyo na ji likita daga Kano
yana cewa gyambon ciki.
Ashe can gida kalmar ta bar dunduniya ta haura,
ta shige inda tsumma ba ya kaiwa.
Ɗana Sabi'u bai san ko ɗaya ba.
Da na faɗa, dariya ya yi,
wai kamar sunan ganga.

Jiya aka kawo wani tsoho a keken jaki
daga wajen Sinja, ba ya magana da kowa.
Ƙafar ta kumbura kamar kabewa, ido-ido,
tana fitar da baƙaƙen ƙwayoyi kamar irin lalo.
Na zuba ruwan gishiri, na matse mugunya,
na ce, ba da shi nake ba,
kai, wannan gyambo ya daɗe.

Sai ya ɗago kai.
Ya dube ni kamar na fama wani wuri dabam.
Ya ce, da Hausar da ta yi tsatsa,
'yar gidan wa ce ke?

Na ce jikar Gambo.
Ya ce bai san shi ba.
Ya miƙo ƙafar sosai.