Takalma a Bakin Ƙofar Hawa na Biyar

Ni Tahsin, hawa na huɗu nake, a Zeytinburnu ta Istanbul.
Shekara talatin ina yagar tikiti a jirgin ruwa,
inji na gurnani a ƙarƙashin tafin ƙafata.
Na ce in na ajiye aiki, shiru zan saya da kuɗin fansho.
Ashe ba a kasa shi a kasuwa.

Gidan da ke samana awonsa ɗaya da nawa,
ɗaki biyu da falo.
Nawa, ni ne da agogon bango.
Nasu, sai wanda ya halicce su ya san adadi.

Tun asuba bututu ke fara kakari
a cikin bangon da nake jingina kai.
Sai layin banɗaki, ƙofa garam, ƙofa garam,
nakan ƙirga sha ɗaya kafin shayina ya tafasa.
Akwai yaron da ke gara wani abu daga kusurwa zuwa kusurwa.
Akwai mai jan kujera kamar tana bin ta bashi.
Akwai tsoho mai tarin ƙarfe biyun dare:
uku a jere, ya huta, ya cika da ɗaya.

Shanyarsu na ɗiga a kan na'ana'ar da na shuka a baranda.
Rannan safa ta faɗo, ja, 'yar mitsitsiya,
an toshe dunduniyarta da baƙin zare.

Haƙuri ma yana da gindin tukunya, nawa ya ƙone.
Na ɗauki sandar goge-goge na daki silin,
sau biyar, har fenti ya zubo mini a gira.
Aka yi tsit.
Sai gudu a matakala, dididi, har ƙasa.
Na ce, ka ji su, har da tsokana.

Na rubuta wa Perihan mai kula da gidan shafi biyu,
da lokuta, da ranaku, da jan layi.
Ta ninke ta ce, hawa ɗaya ne fa tsakaninku.

Ran Laraba na hau,
safa a aljihu, magana a baki,
na wasa ta tun daga matakalar farko.
A bakin ƙofa takalma sun yi sahu,
rabinsu iri ɗaya, sababbi,
kamar rana guda aka rabo su daga kwali guda.

Gülten ta buɗe, hannunta duk gari.
Katifu a bayanta sun kusa taɓa rufi.
Yaron na nan, lemo yake garawa.
Daf da ƙofa wani dattijo kan kujera,
sanye da kwat, takalminsa a ɗaure tamau.

Ta ce, babana ne, Sabri.
Tun daren da ƙasa ta girgiza a Antakya
ba ya yarda ya kwanta ba takalmi.
Waɗannan na yayata ne, waɗancan na ƙanena.
Shi ƙanen nawa ba a fito da shi ba.
Sai ta sassauta murya:
ran nan da daɓe ya buga daga ƙasa,
yaran sun zaci ita ce ta biyo su.
Ƙaramar ba ta tsaya ba sai a bakin titi.

Maganar da na wasa ta juya ta yanke ni.
Na miƙa safa. Na ce, ta faɗo.

Kada ka ce hayaniya ta ragu.
Ba ta ragu ba, kuma har yau tana ba ni haushi.
Na dai manna wa ƙafafun kujerunsu tsumma,
na matsar da na'ana'ata gefe.
Bayan azahar Sabri kan sauko,
ya miƙe a doguwar kujerata, da takalminsa,
ya ɗan ci daga shirun da na tara.

Ƙarfe biyun dare kuwa ina nan ido biyu.
Uku a jere. Ya huta.
Jiya na huɗun ya yi jinkiri.
Na tashi zaune cikin duhu, ƙafa ɗaya a silifa,
ina kallon tabon sandata a silin,
har sai da ya zo.