Kiran Ƙarfe Uku a Tudun Chingeltei

Ƙarfe uku saura kwata rediyo ya yi kaki:
namiji, saba'in da ɗaya, numfashi ya gagara.
Sodnom ya dire shayinsa mai gishiri,
muka haura tudun Chingeltei,
inda hayaƙin kwal ke kwanciya bisa Ulaanbaatar
kamar bargon da ba a taɓa wankewa ba.
Gidan ba lamba. Haushin kare ne ya kai mu ƙofa.

Tun daga bakin tantin na fara aiki,
tun hannuna bai taɓa shi ba.
Yana zaune, ya dafa gwiwoyi,
kafaɗu na hawa suna sauka,
ramin wuyansa na lotsawa da kowace shaƙa.
Na ce, baba, sunanka?
Ya ce, Dash,
ya tsaya ya nemo iska,
nyam.
Mutumin da sunansa ya rabu biyu a bakinsa
ba ya bukatar doguwar tambaya.

Talatin da shida a minti ɗaya, na ƙirga.
Leɓɓa sun yi launin toka.
Na'urar yatsa ta ƙi magana, yatsun sun yi ƙanƙara,
sai da na dumama su cikin tafina
ta ce tamanin da biyu.
Na ɗora masa iskar kwalba.

Jikarsa Tungalag ta miƙo abin fesawa:
Asma ce, tun dare yake shaƙa, bai ji sauƙi ba.
Ni ma na ji fiton tun daga ƙofa,
na kuwa kusa yarda.
Amma kama da wane ba ta wane.
Na kai abin saurare can ƙasan bayansa,
dama, hagu, na sake komawa dama,
sai ga wata ƙara siririya,
tas-tas, kamar gishiri a garwashi.
Ruwa ne.
Mutum na nutsewa a kan gadonsa,
a garin da kogi ya daskare tun wata biyu.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Ni ƙafa na tambaya.
Na danna babban yatsa a ƙwaurinsa,
na ɗaga, ramin ya ƙi cikewa.
Kwana nawa yana barci a zaune?
Huɗu, in ji ta. Ƙwayoyin fitsarin sun ƙare ranar Laraba.

Kada ki kwantar da shi. Sauko da ƙafafun ƙasa.
Awon jini ya haye ɗari da casa'in,
na sa ƙaramar ƙwaya ƙarƙashin harshensa,
na ɗauko takunkumin da ke tura iska da ƙarfi.
Ya fizge. Duk suna fizgewa.
Wa zai yarda a rufe masa fuska yana neman iska?

A nan na hango sarewa rataye a jikin sandar tanti,
baƙa, ta sha hannu.
Tungalag ta ce shekara arba'in yana busa,
yakan ja waƙa guda ba a ji inda ya numfasa ba.
Na durƙusa daidai idonsa.
Baba, wannan ma busa ce.
Bar ta ta shigo, kai ka riƙe kiɗan.
Ya dube ni kamar na yi masa rashin kunya,
sannan ya kama takunkumin da hannunsa.

Tamanin da bakwai a mashigar unguwa.
Casa'in da ɗaya wajen fitilar hanya.
Sodnom na kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai.
Gab da asibiti ya ja gefen robar,
ya ce, a jere, ba yankewa:
Yarinya, wa ya rufe murhun gidana?

Ban san yadda ya kwana ba.
Ba a cika gaya mana ba.
Na goge takunkumi, na duba sauran iska a kwalba,
na rubuta lokaci da yatsun da ba sa jin biro.
Shayin Sodnom ya yi fata a kofi.
Rediyo ya sake kaki:
yarinya, shekara huɗu, tari kamar haushi.