Ƙusar Bayan Ƙofa

Baƙon ya iso ran Talata daga Buenos Aires,
motarsa fara, takalminsa bai san laka ba.
Amílcar Bettinelli, in ji shi.
A Esquel ya ji labari, wurin mai sayar da gishirin dabbobi,
cewa matar marigayi Eulogio Curiqueo
na da tsohuwar bindiga rataye a ƙusa.

Na sauko masa da ita.
Kafin ya taɓa sai da ya sa safar hannu
fara fat, kamar mai shirin karɓar jinjiri.
Nawa hannun warin ulu yake yi.

Ya karanta lambar jikinta da madubi, leɓensa na rawa.
Wai irinta ba su fi arba'in ba a duniya,
wai ta girme ni, ta girmi uwata.
Sai idonsa ya faɗa kan gindinta,
inda itacen ya tsage ranar da doki ya kayar da Eulogio,
ya ɗaure wurin da wayar shinge, zagaye goma sha ɗaya.
"Wa ya yi mata wannan ta'asa?"
Na ce, wanda ya ci abinci da ita shekara talatin da shida.

Ya ba ni labarin ɗakinsa:
akwatunan gilashi, jan ƙyalle a shimfiɗe,
na'urar da ke shanye danshi dare da rana,
bindiga saba'in, kowace da takardarta,
ba wadda ta yi ko tari tun da ta shiga.
Na ce, ashe bebaye kake kiwo.
Ya yi dariya. Ya faɗi kuɗi.
Sun isa sabon rufin kwano, da raguna biyu na iri,
da haƙoran da likita ya ce in sa.
Ban ce a'a ba. Na ɗora ruwa a wuta.

Dusar ƙanƙara ta toshe hanya kafin rana ta faɗi.
Ya kwanta a gadon ɗana, mai aikin haƙar mai a Comodoro.
Tsakar dare karnuka suka ɗauka.
Damisar dutse ce a garke, ga lokacin haihuwa.
Na miƙa masa fitila: haska, ban da magana.
Ba ta jira mu ba.
Ta bar mini tunkiya ciki a farke,
tana numfashi, tana kallona.
Ita na harba.
Wannan ma aikin bindiga ne,
ba dai a rubuta shi a takardar gwanjo.

Fitilar na kaɗawa a hannunsa.
Tunkiyar yake ji, ko farashin da ya ragu da harsashi ɗaya?
Ban tambaya ba.
Shi ya riƙe ɗan da muka ciro da rai,
safarsa ta koma ja har wuyan hannu.

Da safe ya ce, "In ta zauna nan, tsatsa za ta ci ta.
Shekara ashirin, babu ita."
Na ce, shekara ashirin, ni ma babu ni.

Sai ya hango gwangwanin da ke kan kanta.
Da na sani na ɗauke shi tun jiya.
Kwanson harsashi ne guda, naɗe cikin auduga,
na ƙarshen da Eulogio ya harba
wata uku kafin huhunsa ya gaza.
Ba ya korar yanyawa, ba ya tsaron garke.
Duk Lahadi nakan goge shi da bakin rigata.
Baƙon ya dube shi, ya dube ni, ya mayar da murfi a hankali.
Na sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya.

Hanya ta buɗe ran Alhamis.
Ya bar mini kwalbar man bindiga mai tsada
da katinsa, "in ranar ta zo."
Man na da kyau, ba ƙarya.
Na shafa mata har ƙarƙashin wayar,
na ɗiga kaɗan wa ƙyauren da ke kuka tun bara,
na mayar da ita ƙusarta.
Saura tumaki sittin ba su haihu ba,
sawun damisar kuwa yana nan bayan shinge.