Sa'o'in da Ba a Ƙirgawa

Na riga ladan tashi
a ɗakin haya na Ali Ɗan Sofo.
Na goge farar rigar da na saya da kuɗina,
na liƙa mata sanduna biyu a kafaɗa,
su ma da kuɗina.

Ɗan kabu-kabu ya ce, "Ranka ya daɗe, mai sama,"
ya ƙara dala ashirin a kan farashi.
Ban taya ba. Riga ta hana ni.

Kamfani ya ce agogona ba ya tafiya
sai tayar jirgi ta motsa.
To sa'o'in nan da nake zagaya fiffike da tocila,
ina duba mai, ina jiran labarin hadari daga Yamai,
na waye?
Sadaka ce, ina jin, wadda ban yi wa niyya ba.

A takarda ni ba ma'aikaci ba ne.
"Abokin hulɗa" suka rubuta.
Abokin da ya jinginar da gonar ubansa ya koyi tashi,
abokin da in zazzaɓi ya kayar da shi
ranar nan babu shi a littafi.

Inna a Bagalam, duk ƙarar da ta ratsa gari
sai ta ɗaga ludayi sama,
ta ce wa masu sayen ƙuli-ƙuli, "Ga nawa can."
Ban taɓa gaya mata ba
ruwan gorar da nake sha cikin gajimare
ana cire shi a ƙarshen wata.

Maraɗi, Yamai, Agadas, Damagaram, Maraɗi.
Minti ashirin da biyar tsakanin sauka da tashi,
ko alwala sai da gudu.

Shekaranjiya, a kan Madarumfa,
tafki na ƙyalli kamar sabon faranti,
na juya in yi wa Kwamanda Nomau magana,
na tarar idanunsa a rufe.
Tun yaushe? Ban sani ba.
Nawa ma lokacin suka buɗe.
Mutum saba'in a bayanmu suna cin dabino,
wani jariri yana kuka, Allah ya yi masa albarka.

Tsahiru ne ya fara kawo takardar,
a teburin mai shayi, bayan wurin ajiye motoci.
Ba ta ce a ƙara mana ko sisi ba,
barci kawai ta roƙa, da ranar hutu mai suna.
Kafin sati, saƙo ya shigo wayarsa, layi biyu.
Yanzu aya yake lodi zuwa Jibiya,
in jirgi ya wuce ba ya ɗaga kai.
Takardar ta zauna a aljihuna wata uku,
ta sha gumi har sunaye tara sun fara narkewa.

Yau da safe Nomau ya cire hularsa,
ya ajiye ta kan kanta a hankali, kamar ƙwai.
Ya ce, "Na gaji. Ba ni tashi."
Shekara ashirin da shida yana sama,
ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba.

Waya ta yi ƙara daga Yamai:
akwai yara ɗari a layi masu son kujerar nan.
Wani alhaji ya buga jakarsa a ƙasa, yana da ciniki da azahar.
Wata tsohuwa ta leƙa idon Nomau, ta leƙa nawa,
ta shimfiɗa zanenta, ta zauna, ba ta ce uffan ba.

Na ari biro wurin mai awon kaya.
Hannun da ba ya rawa cikin guguwar damina
ya yi rawa a kan layi na goma.

Na taka da ƙafa har Bagalam.
Inna ta ce, "Yau ban ji ka wuce ba. Jirgin ne ba lafiya?"
Na ce, "Lafiyarsa lau."
Ta dube ni, ta janye kaskon daga wuta,
ta kore awaki daga tabarma.

Ban cire takalmi ba.
An ce la'asar ta zo ta wuce,
an ce wayata ta yi kuka sau goma sha ɗaya
a cikin ƙwaryar da Inna ta kife a kanta.