Allo a Kan Ramin Kuza

Na sayar da filina na Farin Gada,
na sayi allo.
Inna ta ce, na karatu ne ko na ƙofa?
Na ce na tsayuwa ne a kan ruwa.
Ta dube ni sau ɗaya,
ta ci gaba da tsince wakenta.

Da kaɗan ya fi dardumar salla tsawo.
Batir a cikinsa, nauyin jarkar manja.
Sanda ɗaya a ƙasa,
a bakin sandar fiffike da farfela,
kamar an kifar da shaho
an ce ya yi shawagi cikin ruwa.

Mai jego ba ta kai shi son hidima ba.
Ba ya son rana, ba ya son yashi,
ba ya son a cika masa ciki a bar shi kwance,
ba ya son yunwa kuma.
Ranar da aka ɗauke wuta
gidan ya kwana ba talabijin,
janareta yana ta tari dominsa shi kaɗai.
Kyauta ke riƙe mini tocila,
shekarunta tara, ta san kowane noti da mazauninsa.
Ita ta fara ganin tsagar robar murfi,
siririya kamar kaushin dunduniya.
Na zaga Dilimi shago shago,
Malam Tanimu ya juya ta a tafinsa,
ya ce wannan ba haihuwar garin nan ba ce.
Mako bakwai muna jiran wata daga ƙetare,
allon yana jingine a bango
kamar baƙon da kuɗin motarsa ya ƙare.

Asabar da asuba, Rayfield.
Sanyin Jos yana cizo ta cikin rigar ruwa.
Davou mai kwalekwale ya daina gaishe ni,
lissafi yake yi:
jiya goma sha ɗaya, yau nawa za ka sha?
Na sha kuwa. Na san ɗanɗanon tafkin nan,
ƙarfe ne da ɗan ɗaci.

Amma akwai lokacin da nake danna rimot a hankali,
gwiwa ta daina gardama,
hancin allon ya ɗaga,
sai marin da ruwa ke yi masa ya yanke.
Tsit.
Kamu uku tsakanina da inuwata.
Duwatsu suna tafiya baya,
balbela ta biyo ni, ta rasa me zan ba ta.

Nan ne nake tuna Ɗan'azumi, kakana.
Daga Kazaure ya zo da ƙafa,
ya sauka ramin nan da kwano a ka
tun yana busasshe,
ya fito da ƙasa, ya koma, ya fito,
ana ƙirga masa sulalla ranar biya.
Su suka haƙa, sama ta cika.
Har ya mutu bai iya iyo ba,
tari ne ya raka shi gida.
Yau ina wucewa ta saman inda ya sunkuya,
ban sani ba
dariya zai yi ko takalmi zai cire.

Ban gama tunanin ba leda ta naɗe farfela.
Na faɗo, sha biyu,
na dawo gaɓa ina tuƙi da hannu,
Davou yana tafi.

A gida na wanke shi da ruwan rijiya,
na shanya shi a inuwar gwaiba,
na shafa giris a bakin kowace waya.
Jar laka ta maƙale a kan noti na uku,
ta ƙi soso, ta ƙi buroshi.
Da tsinken sakace na ciro ta.
Kyauta ta miƙo tafin hannu ta karɓa,
ta ce, Baba, akwai wani baƙi-baƙi a ciki, yana ƙyalli.
Na ce kar ki zubar.
Nemo mini kwalbar turaren da ya ƙare.