Kundin Bappayo

Don rubuta bashi na saye shi a Tsohuwar Kasuwar Gombe,
rijista mai baƙin bango, naira ɗari uku a wancan zamani.
Masu cin bashin suka fi ni wayo, ba su bar suna ba.
Na ce to, takarda ba ta zama banza,
bari in zuba mata abin da hannuna ya sani
tun hannun bai fara rawa ba.

Shafi na ɗaya: idan waya ta faɗa ruwa, kada ka kunna.
Na ja layi biyu a ƙasa, don ɗan Adam ba shi da haƙuri.
Shafi na bakwai: yadda ake gane batirin sola,
mutuwa ya yi ko suma.
Na sha ɗaya: dalma ba a yi mata dole,
gasa ƙarfen kawai, za ta biyo da kanta
kamar akuyar da ta hango dusa.

Idan ka juya kundin ta baya, wata duniya ce.
Can tantabaruna suke,
kowace da sunanta da ranar da ta fasa ƙwai:
Hajiya Babba, Ɗan Kwali, Mai Tsaki,
da Direba, wanda na sayar har Kumo sau biyu,
sau biyu yana riga ni dawowa Herwagana.
Akwai shafin da ba komai sai kalma uku:
Shaho. Laraba. Biyu.

Mutane na zaton rubutawa ce wahala.
Ina! Riƙon ne.
Kundi katangar ƙasa ne, kowace shekara yana son yaɓe.
Abin da na rantse a kai bara, bana ya zama tatsuniya:
sun canza bakin caja, sun manne batir da gam,
wayar da na yi wa shafi huɗu da zane
yau ko a bola ba ka samun murfinta.
Ranar Juma'a bayan la'asar nake zama,
in soke, in gyara, in liƙa 'yar takarda a kan ƙarya,
in kakkaɓe gara daga ɗinkin tsakiya.
Mai ɗakina ta ce wa zai karanta?
Na ce wanda fitilarsa ta mutu.

Suna zuwa kuwa, jefi-jefi.
Wani yaro daga Dukku ya kwafi shafi tara a tsaye,
bai ce na gode ba,
amma na ji yanzu yana da rumfa bakin tasha.
Wannan ma godiya ce.

Sai shekaranjiya na buɗe shafi na sha tara,
na tarar da jan biro a gefen rubutuna.
"Baba, ba nan wutar take yankewa ba,
duba ƙafa ta uku."
Rubutun Dudu ne, 'yar ƙanena,
wadda nake aika sayen ƙosai,
wadda na zaci kallon tantabaru take zuwa yi.
Raina ya ɓaci har magariba.
Bayan isha na kunna tocila, na ɗora mita,
allura ta motsa inda yarinyar ta ce.
Shekara shida ina koyar da kuskure da kyakkyawan rubutu.

Ban goge nawa ba.
Na bar baƙi da ja suna kallon juna,
don mai zuwa ya ga ta inda hanya ta lanƙwasa.
Da safe na sayo jan biro sabo,
na ɗaure shi da zare a jikin bangon kundin.

Saura shafi ashirin da ɗaya fari a tsakiya,
tsakanin dalma da tantabaru.
Gaba na tahowa, baya na tahowa.
Dudu ta tambaye ni, idan sun haɗu fa?
Na ce je ki ba Direba ruwa,
ki duba ko Mai Tsaki ta fasa na biyun.